Takardar Sunaye Goma Sha Bakwai

Wata Asabar ce a shekarar 1994, muna tsaye a layin safe a makarantarmu ta 'yan mata da ke unguwar Madain Fahd, rana ta fara dukan ƙeya, sai na ji an zare takarda daga hannuna. Ina waiwayawa na ga Abla Nura ce, malamar ajinmu, wadda ko tari ka yi a bayan aji sai ta san mai shi. Ta karanta, ta ninke, ta jefa a jakarta, ta ce ranar Laraba za mu yi magana kafin ta shiga wajen mudira, wato shugabar makaranta. Ni ko a jikina. Sai da ƙawata Zulai ta damƙi hannuna, ta ce cikin raɗa, "Binta, har da sunana? Wallahi kin kashe ni." A nan ne na gane na yi ɓarna.

Shekarata goma sha biyu a lokacin, kuma bakina ya fi ni girma. A unguwar Karantina aka haife ni, a nan ƙasa mai tsarki, kakana ne ya zo aikin hajji daga ƙasar Katsina bai koma ba. Babanmu tela ne a kasuwar Balad, Inna kuwa gyaɗa take soyawa tana sayarwa a ƙofar gida. Aikina kullum bayan makaranta shi ne ɓare gyaɗa, da jido ruwa a jarka in motar ruwa ta shigo lungunmu, da yanka tsofaffin takardu da ake ƙunsa gyaɗar. Zulai maƙwabciyarmu ce, tare muke ɓarar, tare muke carafke a kan soro da duwatsun da muka tsinto a bakin teku. Hausarmu duk ta karye, rabi Larabci, har Inna takan ce in muna hira kamar ana zuba tsakuwa a kwano.

A makaranta mu baƙaƙen fata ba mu da yawa, kuma akwai 'yan matan da ba su iya wucewa ta gabanmu sai sun ja kalmar "Takruniya", wato 'yar Takari, sun toshe hanci, musamman ranar da wata ta zo da dambu mai daddawa. Da abin ya ishe mu, sai muka riƙa taruwa lokacin tara a jikin katangar da ke bayan famfo. Mu baje ƙosai da gyaɗa da gurasa, mu ci, in lokaci ya rage mu yi gaɗa a hankali. A wajen nan kaɗai nake cin abincin gidanmu ba tare da na rufe shi da littafi ba. Ni ce sarkin rawar kai, na ce ai sauran ɗalibai suna da ƙungiyar zane da ta ɗinki, mu ma sai a san da mu. Na raɗa mana suna Ƙungiyar Takari, na naɗa kaina magatakarda.

Nan fa gardama ta tashi. Dama Abla Nura ta hana furta kalmar Takruniya ko Takari kwata-kwata, ko da kanka kake nufi, wadda ta faɗa sai ta fuskanci bango. Ita kanta ba ta iya cewa baƙi, sai ta yi ta kewaye-kewaye, ta ce "'ya'yana masu duhun fata kaɗan", mu kuwa mu yi ta ƙunshe dariya, don ni dai duhuna ba kaɗan ba ne. Kullum maganarta ɗaya: a makaranta babu launi, duk ɗaya muke. Ni kuma in ce a raina, to waɗanda suke toshe hancin ba a gaya musu ba ne? A gida ma an rabu. Baba ya ce ware kai ba ya kawo komai sai ido, yayata ta ce ai an riga an ware mu, zama tare ne kawai namu. Na fi son maganar yayata, don haka na yago takarda daga littafin lissafi, na jera sunaye goma sha bakwai, kowace da sunan mahaifinta da garin kakanninta, don a kai ofis a yi mana rajista.

Abin da ban tsaya na tuna ba shi ne iƙamar su Zulai, wato izinin zamansu a ƙasar. Kafilin babanta, ɗan ƙasar da ya tsaya musu, ya rasu, takardun zamansu sun ƙare, ba a samu wanda zai sabunta ba. A ofis tsohon kwafi ne a cikin fayil ɗinta, kuma muddin ba wanda ya buɗe, tana nan a aji. To ga ni na tattara sunayen duk waɗanda za a fi zarga a takarda ɗaya, da rubutuna mai kyau. In aka bi sunayen nan ɗaya bayan ɗaya, karatun Zulai ya ƙare, wataƙila ma abin ya kai ga gidansu.

Da na gaya wa Inna, ba ta dake ni ba, kuma da dukan ya fi mini sauƙi. Ta ajiye matankaɗi ta ce, "Mu muna ɓoye suna, ke kina rubutawa?" Kwana huɗu Zulai ba ta hau soro ba. A aji tana zaune kusa da ni amma ba ta kallona, duk lokacin da aka ƙwanƙwasa ƙofa sai ta zabura. Ni kuwa ko gyaɗa na kasa ci.

Ranar Laraba Abla Nura ta tsayar da ni bayan kowa ya fita tara. Na riga na shirya kuka da rantsuwa. Ta ciro takardar, tana nan a ninke yadda take. Ta ce, "Ya binti, 'yata, kin san abin da ake yi da irin wannan takarda in ta shiga ofis? Fayil ake buɗewa." Na sunkuyar da kai. Ta ce ba ta canza ra'ayi ba, har gobe ba ta yarda da ƙungiyar launi ba. Sannan ta danƙa mini takardar a tafin hannu ta rufe yatsuna a kai. "Ni ban ga ƙungiya a bayan famfo ba, yara na gani suna cin abinci. Halas, shi ke nan. Yalla, tafi."

Ban san lokacin da na isa bayan famfo ba. Na buɗe hannu na nuna wa Zulai, ta duba, ta zauna daɓas a ƙasa tana dariya tana hawaye, sannan ta kai mini duka a kafaɗa. Da la'asar Inna ta karɓi takardar ta cusa a ƙarƙashin gawayi, da ita aka hura wutar suyar gyaɗar ranar. Muka ci gaba da zamanmu a jikin katanga, babu suna, babu magatakarda, har muka gama makarantar, Zulai tana cikinmu.

Yau lungunmu na Karantina babu shi, an rushe, soron carafke ya zama fili. 'Yata tana jami'a, takan kira ni tana kumfar baki a kan ko ya dace ɗalibai su kafa ƙungiya ta launin fata, da kalmomin da aka hana faɗa. Nakan ce mata har yanzu ina ganin muna da gaskiya da muka zauna tare, kuma matar da muke yi wa dariya don ta kasa cewa baƙi ita ce ta rufa mana asiri. Ina kewar katangar nan da ƙamshin dambu. Amma har yau in aka ce a rubuta sunaye, sai na fara tambayar wa zai karanta.