Hanon Malam Mati

Ni dai tun da nake ban taɓa ganin mutumin da ke hana itace girma saboda ƙauna ba sai Malam Mati. Kowa ya dasa bishiya fatansa ta yi inuwa. Shi kuwa da nasa itacen ya nemi wuce gwiwa, sai ka gan shi da almakashi, hankali a tashe. Mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Batsari. Cirani ya kawo shi Katsina, ya kama ɗaki a Ƙofar Guga, ya samu aikin ban ruwan fulawa a wani gidan gwamnati a GRA. A nan muka haɗu, ni ne kukun gidan.

Wani injiniya ɗan Japan da ya taɓa zama a gidan shi ya ɗora masa wannan lalura. Wai sunan abin bonsai: a samo tsohon itace a raine shi cikin kasko, a riƙa datse masa saiwa da rassa, ya tsufa bai yi tsawo ba. Injiniya ya gama aikinsa ya koma ƙasarsu, ya bar mu da Mati.

Duk shekara, da ruwan farko ya jiƙa ƙasa, sai ya ɗauki 'yar diga da buhun algarara ya hau motar Batsari. Sau ɗaya na bi shi, na kuma rantse ba zan ƙara ba. Muka wuce manyan itatuwa masu kyau, ko kallo ba su ishe shi ba. Sai da muka hau kan dutse, numfashina na neman ɗaukewa, sannan ya kwanta rub da ciki yana leƙen tsaga. Ya kankare ɓawo da farce, ya shinshina, ya ce wannan dashi ne, waccan shirinya ce, wannan mai ƙaton gindi kariya ce, kada in taɓa ruwanta, guba ne. Shi abin da yake nema wanda awaki suka cinye wa kai, dutse ya matse masa saiwa, ya karkace ya ƙi mutuwa.

A ranar ya gamu da wani ɗan itacen hano. Tsawonsa bai fi kamu ɗaya ba, kaurinsa kamar taɓarya, amma Mati ya ce ya girme mu mu duka biyun. Na ce to a tono mu tafi, rana ta yi. Ya dube ni kamar na zagi mahaifinsa. Ashe ba a cirewa rana ɗaya. Shekara uku yana komawa, yana yanke saiwa ɗaya ya rufe da ƙasa don ta tsiro ƙanana, sannan ya naɗo shi cikin jiƙaƙƙen buhu ya rungumo shi har Katsina. Shekara goma sha shida hanon nan ya yi a kasko a bayan kicin ɗina. Mati bai taɓa haihuwa ba, kuma ba sai na ƙara bayani ba.

Duk zamanin soja babu abin da ya taɓa shi. Da bindiga a bakin get, ko kaza ba ta shigowa. A 1999 mulki ya koma hannun farar hula, aka ba wani kwamishina gidan, get ya buɗe. Tun hantsi tsakar gida ta cika: 'yan siyasa, maroƙa, matan jam'iyya, mutanen ƙauyen su maigida masu zuwa barka. Gaskiya mun ji daɗi, gida ya zama gida. Ni dai kullum tukunyar biki nake ɗorawa.

A makon ne Mati ya tafi duwatsunsa na kwana uku, ya bar mini amanar kasakensa. A nan na yi abin kunya, kuma ba zan ɓoye ba. Na hangi mata sun kewaye hanon, na ɗauka sha'awa ce, har ina jin daɗi. Ashe wata tsohuwa mai suna Safara'u ce ta gane shi. A ƙauyensu ɓawon hano ake dafa wa mai jego, ita kuma 'yarta Zuwaira na kwance tun da ta haihu. Ta yi bisimilla ta sassaƙi kaɗan ta gabas, yadda ake yi a daji, ta kuma faɗa wa na kusa da ita. Kowace ta ɗan ɓanɓara, babu wadda ta ɗauki fiye da tsawon yatsa. Hanon daji ko gezau ba zai yi ba. Amma wannan fa kaurin taɓarya ne.

Ranar da Mati ya dawo tare muka gani. Innalillahi! Gindin nan fari fat, an zagaye shi kaf, ƙaro na tsattsafowa. Na zaci zai yi ihu, ko ya shaƙe ni, kuma da ya yi ba zan ga laifinsa ba. Zama kawai ya yi a ƙasa. Can ya ce da ni itacen da aka zagaye wa ɓawo ba ya tashi. Duk da haka ya kwaɓa yumɓu da kashin shanu ya shafe wurin, ya naɗe da tsumma, ya mayar da shi inuwa. Mako biyu yana tsugune a gabansa, ganye na yin ɗorawa yana zuba. Da maigida ya ji labari, ya ce kada ya damu, zai sa a kawo masa dashe goma daga gandun daji. Saura kaɗan farantin hannuna ya suɓuce.

Ana nan sai ga Safara'u da ƙwaryar fura, tana tambayar mai maganin nan. Ta durƙusa ta yi ta sa wa Mati albarka, wai Zuwaira ta miƙe, har tana shayar da jaririnta. Sannan ta ce na wurinta ya ƙare, ga shi ba a yi arba'in ba, ko za a taimaka mata da ƙari.

Na buɗe baki zan zazzage mata abin da ke cikina, Mati ya ɗaga mini hannu. Ya jawo kaskon, ya kwance tsumman, ya kama hanon ya tumɓuke shi. Wallahi ji na yi kamar a jikina. Ya kakkaɓe ƙasar, ya sa almakashi ya daddatse saiwoyin nan da ya yi shekaru yana shimfiɗawa ɗaya bayan ɗaya, ya ƙulle mata a gefen mayafi.

"Iya, ɓawon ya ƙare, sai saiwa. Ki tafasa ta sosai."

Ta karɓa da hannu biyu. Har ta miƙe, sai ta tsaya ta dubi sauran kasaken cikin tausayi.

"Ɗan nan, ka riƙa sa musu taki mana. Duk sun tsumbure."

"To, Iya," in ji Mati.

Ya raka ta har get ya dawo. Ya ɗauki kaskon zai kai famfo ya wanke, sai ni na karɓa.