Mariya da Gorunan Jirgin Sama

Shekara da shekaru, da zarar fasinjan ƙarshe ya sauka a filin jirgin Yamai, Mariya ce ke hawa da tsintsiya da buhu. Ƴar Filinge ce, mijinta ya rasu ya bar mata ƴaƴa, aikin sharar nan kuwa shi ne tuwonsu. Ta san kowane lungu na jirgi, amma ba ta taɓa tashi cikinsa ba. Mukan tsokane ta da Hajiyar ƙasa, ita ma ta yi ta dariya.

Abu guda ne ba ya ba ta dariya. Gorar ruwa an kurɓi kaɗan an yar, wata ma ba a buɗe ba. Bargo an rufa sau ɗaya. Duk a kwashe a kai ramin bayan fili a cinna wuta, baƙin hayaki ya wuni yana tashi. Wadda ta girma tana jan guga a rijiyoyin Kurfai, ƙasar su Filinge, ina za ta iya kallon wannan? Abin yana ci mata rai ƙwarai.

Sai ta fara tsince gorunan da aka sha, tana wankewa, tana ba Hamani direban taksin Filinge duk jajibirin kasuwar Lahadi. A gida ƙanwarta Basiratu ta huda murfin, ta cika ruwa, ta kifa gorar a gindin dashen gawo ko magarya, ruwan na ɗiga a hankali har dashen ya tsallake rani. Mata suka gani suka ɗauka, tun daga Filinge har Bonkuku. Kai, wane zamani! Taksi na tsayawa, mata sun kewaye Hamani, kowacce na cewa nata buhun ne.

Amma dokar kamfanin sharar ita ce, abin da ya sauko daga jirgi wuta ce makomarsa, wanda ya fita da shi kuma kora. Mariya ta sani. Ranar da aka tare ta da buhu a ƙofa, abokan aikinta na tsaye shef, wato shugabansu, ya tambaye ta ko ta san wannan sata ce.

Ta ce, "Ranka shi daɗe, na san doka, kuma ni taka ta. In kora ta, ɗiyana ka shan wuya, ba ni ɓoye maka. Amma wa ni sace ma? Wuta?"

Ba a kore ta ba, amma an hana ta hawa jirgi har abada, aka mayar da ita wankin ban-ɗakin ma'aikata. Nan ta ƙarasa shekarunta. Ta yi kewar jirgin, ta yi kuka, ba ta ɓoye ba. Sai dai kowace safiya takan tarar da buhun goruna a bayan ƙofar ban-ɗakin, wanda abokan aikinta suka ajiye, ba wanda ya taɓa cewa shi ne.

Ke ce, Mariya, uwar dashe. Ke ce kika ga ruwa inda masu jirage suka ga shara. Ba ki yi wa kowa wa'azi ba, ba ki je taro ba, kin dai ƙi ki saba da ɓarna.

Bana ta ajiye aiki ta komo Filinge. Na gode miki, Kurfai ta gode, Allah ya saka da alheri. Ku kuma masu jirage da masu hawansu, ku tambayi ina abin da kuka yar yake zuwa, ku yi koyi da ita.

Na same ta ran nan a inuwar wani gawo, jirgi ya gifta can sama. Ta bi shi da ido har ya ɓace, sannan ta ce, "Da sun bar ni na hau sau guda na yi mishi ban kwana."