Hanyar wuta a bayan rumbun Alhaji

Shekarar da aka rufe iyaka, samarinmu ba su tafi ci-rani Kano ba, damina kuma ta yi albarka, alhamdu lillahi. Ciyawar dajin da ke bayan unguwarmu, wajen hanyar Dawce, ta kai ƙugun mutum. Da ta bushe, malamin daji ya ce mu share layi biyu da fartanya, mu ƙone ciyawar tsakani da hannunmu, don wutar daji in ta zo ta rasa abin ci.

Muka kira gayya. Kai, ranar ta yi daɗi! Makaɗi ya zo da gangarsa, mata suka dama fura, maza suka jeru kamar sahun Idi. Kafin azahar layi biyu sun miƙe fes.

Sai maƙwabcina, wani Alhaji dattijo, ya tsaya gaban rumbunsa da ke daf da layin. Geron iyalinsa na shekara duk yana ciki.

"Malam," ya ce mini, "in kai ne za ka kunna wutar, ban yarda ba."

Yana da gaskiya. Can baya na taɓa ƙona sassaben gonata da rana tsaka, iska ta juya, wuta ta cinye masa harawa ƙurmus. Na kai masa tawa ya ƙi karɓa. Tun ranar gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Ga shi in aka tsallake gefensa, ta nan wuta za ta shigo mana.

Na ce, "To Alhaji, kai ka kunna, ni in kashe."

"Ka iya kashewa? Da kunnawa na san ka!"

Aka fashe da dariya, har ni.

Washegari da sassafe, kafin iska ta tashi, ya yi bisimilla ya ƙyasta ashana. Wuta ta ruga tsakanin layukan tana ƙara, muna bin ta da ɗanyen reshen darbejiya, muna ihu. Can wani tartsatsi ya tsallake layi ya kama ciyawa a gindin rumbun. Na daka tsalle, na bubbuga, reshen ya karye. Na tuɓe rigata na danne wurin, na bi da ƙasa har hayaƙi ya ɗauke.

Alhaji ya zo ya dubi rumbu, ya dubi ƙonanniyar rigar, ya kama hannuna ya riƙe.

"Malam, na karɓi harawata yau. Ba na bin ka komai."