Famfon Lambun Baba

Ina koyarwa a Safana shekarar da muka samu muka raba Baba da ƙauyenmu Ruma. Ba da son ransa ya taso ba. Sai da 'yan bindiga suka kore shanun maƙwabcinsa da rana tsaka, ni da yayyena muka taru a kansa, sannan ya yarda ya dawo cikin Batsari. Mun dai san halinsa. Mutum ne da in ya wuni bai taɓa ƙasa ba, sai ya fara neman wanda zai yi wa faɗa. Don haka muka kama masa ɗan fili a bakin fadama, muka haƙa burtsatse, muka sa famfo mai aiki da hasken rana. Shi a ganinsa lambu ne, mu kuwa turke muka kafa masa don kada ya sake waiwayar daji.

Dabarar ta ci. Albasa da tumatir suka riƙe shi, har ya rage tambayar masu babur labarin gonarsa. Duk Juma'a in na zo sai ya zagaya da ni kwami-kwami, yana min gorin cewa alli kaɗai na iya riƙewa.

Ana tsakiyar zafin bazara famfo ya tsaya. Injin lafiya lau, faifan da ke karɓar hasken rana ma haka. Ɗan akwatin da ke daidaita wuta tsakaninsu ne ya mutu. Na ɗauke shi zuwa Katsina wurin mai gyara, ya buɗe, ya nuna min wata 'yar baƙar aba da ba ta kai farcen ɗan yatsa ba. Aisi suke ce mata. Ya ce ita ce ƙwaƙwalwar akwatin, ba a gyara ta, sai dai canji, kuma ta yi wuya har a Kano. Masana'antun da ke yin ta tsiraru ne a duniya, ga Amurka da Sin suna ta ja-in-ja, wannan ya sa haraji, wancan ya hana fitarwa. Ya ce in yi haƙuri, ya yi oda.

A motar dawowa rediyo ke faɗin cewa hannayen jarin kamfanonin da ke ƙera irin wannan abu sun yi tashin gwauron zabi. Raina ya ɓaci ƙwarai. Su can kasuwa ta yi musu kyau, mu nan tumatir na sunkuyar da kai.

Na yi wa Baba bayani iya iyawata. Ya saurara, ya ce bai taɓa jin abin da ya gagari gyara ba. Kuma a duniyarsa gaskiya ya faɗa. Garma ta karye, maƙeri na nan. Rediyo ta yi shiru, a buga mata gefe. Babur ya ƙi tashi, a tsallake abin da ya lalace a haɗa waya da waya. Ina komawa Safana ya kira wani mai naɗin fanka, suka haɗa injin da faifan kai tsaye. An ce ya yi gurnani kaɗan, sai ƙauri ya taso daga bakin burtsatsen, injin ya ƙone.

Da na zo ban yi faɗa ba, don na ga idonsa. Ya koma ɗaukar ruwa da jarka daga wata rijiya can nesa, tsoho da ciwon gwiwa. Kwamin da ya fi kusa da rijiyar ya tsira, sauran suka bushe yana kallo. Na riƙa kiran mai gyara har ya fara gane muryata kafin in yi sallama, amsar dai ɗaya ce, kaya na hanya.

Ranar da hadarin farko ya haɗo na iske shi yana ɗaure fartanya da buhun iri a bayan babur ɗin haya. Na durƙusa na ce, “Baba, don Allah ka ƙara haƙuri. Za mu sayi wani injin, aisin ma ta kusa isowa.”

Ya dube ni ba tare da fushi ba.

“Malam, na gaji da jiran mutanen da ban sani ba su shirya. Can Ruma ruwan sama nika jira, shi kuwa ba a sa mashi haraji.”

Tsoro ya kama ni, irin wanda na ɗauka mun rabu da shi. Na gyara masa buhun don kada ya zame, na roƙi mai babur ya bi da shi ta hanyar da mutane suka fi bi.