Yawon Tsohuwar Jidda da Matacciyar Iƙama

Makka, ƙarfe biyar da kwata na asuba

Ana idar da sallah na ja akwatina zuwa bakin titi, na shiga tasi mu huɗu, kowa riyal arba'in. Zuwa Jidda kilomita tamanin ne ko kusa da haka. Sau ɗaya aka tsayar da mu a shinge, jami'i ya haska fasfona ya miƙo mini. Jirgina na komawa Kano ƙarfe biyar na yamma ne, don haka yini guda nake da shi.

Shekara ashirin da shida ina koyar da tarihi a sakandare a Katsina, kuma ina da wata cuta: ba na iya wuce tsohon gini ban leƙa ba. Tun kwana uku kafin nan na buga wa Haruna waya. Ɗan ƙanin mahaifina ne, Baffa Idi, wanda ya zo aikin hajji tun ba a haife ni ba, ya zauna har ya rasu. A Jidda aka haifi Haruna, gyaran na'urar sanyaya ɗaki yake yi, bai taɓa taka Najeriya ba. Na ce masa Balad nake so, wato tsohon gari, da gidajen attajiran zamanin da, da igwogin yaƙi. Ya ce, "Ala rasi, Yaya. A kaina."

Madain Fahd, ƙarfe bakwai

Haruna ya rungume ni a ƙofar gida har da ƙwalla. Matarsa Sa'adiyya ta kawo dafaffen wake da gurasar tamis da shayi mai madara, ta dire faranti da ƙarfin da bai kamaci faranti ba. 'Ya'yansu uku suka gaishe ni da Hausar da ta sha Larabci.

"Yaya Malam, yau akwai rana fa," in ji ta. "Da kun yi zamanku a gida kun yi hira."

Na yi dariya. "Bakatsine za a tsorata da rana?"

"Halas, ya isa haka, Sa'adiyya," in ji Haruna, bai ɗago kai ba.

A raina na ce wannan ba ta son dangin miji. An ce baƙo ko da ido makaho ne, to ni ranar har da kurumta.

A hanya, takwas da rabi

Maƙwabcinsa Adam, Bahaushen Sudan, shi ya ɗauke mu a motarsa. Haruna ya ba ni gaba, ya shige baya ya lafe. Ga babban titi shimfiɗe, amma Adam sai lungu-lungu yake bi, bayan shaguna, gefen kwata. Da na fara mita, sai Haruna ya sauka sayo mana ruwa. Adam ya juyo ya dube ni.

"Ya Hajj, da gaske ba ka sani ba? Kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar nan, ya rasu, magada ba su gama takardu ba. Iƙamarsa, takardar izinin zamansa, ta mutu wata huɗu ke nan. In aka tare shi, sai tsarewa, sai jirgi zuwa Najeriya. Matar da yaran su zauna nan. Tun lokacin bai wuce masallacin unguwa ba, sai yau."

Haruna na shigowa na ce a juya gida, na fasa. Ya harari Adam, ya zazzaga masa Larabcin da ban tsinci komai ba, sannan ya dafa kafaɗata.

"Yaya, ka taso daga ƙasar ubana, abu ɗaya tak ka roƙe ni. In ce maka a'a? Me za ka je ka faɗa a Katsina, ɗan Idi ya kulle ka a ɗaki? Mafi mushkila, ba matsala. Yalla, ya Adam."

Na yi magiya, na yi faɗa irin na babban wa, duk a banza. Taurin kan gidanmu ne, na san shi sarai, don ni ma shi ya kawo mu nan.

Balad, tara da rabi

Muka ajiye mota kusa da Ƙofar Makka muka taka. Gidaje ne masu hawa huɗu da biyar, an gina su da dutsen da ake sarowa daga teku, tagoginsu na katako sun turo waje da sassaƙa kamar ƙwaryar zane. Rawashin suke ce musu, mata na ganin titi ta ciki ba a ganinsu. Abin da na yi shekaru ina mafarkin gani ke nan, amma ni ƙarshen kowane lungu nake leƙe, ko akwai mai kaki.

Haruna kuwa kamar an sake tsuntsu daga keji. Ya san kowace ƙofa. Ya nuna mini gidajen da Baffa Idi ya yi ga-ruwa yana saurayi, garwa biyu a sanda, har hawa na huɗu. Muka shiga gidan wani tsohon attajiri da aka mayar wurin kallo. Ga ɗakin baƙi da shimfiɗu, ga rijiyar tara ruwan sama a ƙasa, ga soro can sama inda iskar teku ke shigowa. Muna saman ne na ji takun takalmi a matakala. Wani mai kaki ya ɓullo, ya nufo Haruna kai tsaye. Ashe mai gadin gidan ne, cewa ya yi kada a jingina da katakon taga. Haruna ya amsa masa da Larabcin 'yan gari, har suka yi dariya, amma na ga bayan rigarsa ya jiƙe sharkaf.

Wurin igwogi, sha ɗaya da kwata

A filin da ke kusa da ƙofar arewa aka girke tsofaffin igwogi, tunawa da zamanin da jiragen ruwan Turawan Fotugal suka kawo wa garin hari, mutanen Jidda suka tsaya bayan ganuwa suka kare shi. Na sha zana wannan yaƙi a allo. Ga ni yau a gabansa, ga kuma motar 'yan sanda a inuwa, bai fi taku talatin ba.

"Tsaya nan in ɗauke ka hoto, Yaya."

"Haruna, don girman Allah mu tafi."

"Wanda ya yi sauri shi ake kira. Gyara hularka."

Ya ɗauki hoto uku, duka a karkace. Muka yi azahar a wani tsohon masallaci, ya sayo mutabbaƙ, wata soyayyar gurasa mai ƙwai da nama a ciki. Na ci loma biyu, na ajiye. Na ce to, an gama, Adam ya fara sauke shi a gida. Ya ce ba a haifi ɗan da zai bar yayansa ya tafi filin jirgi ba rakiya ba.

Bagdadiyya, biyu saura kwata

Mun miƙe arewa ke nan sai motoci suka fara taruwa layi ɗaya. Adam ya ce a hankali, "Taftish." Shingen bincike ne, mota kamar goma sha biyar tsakaninmu da shi, kuma ba wurin juyawa. Na ji Haruna yana karanta wani abu ƙasa-ƙasa. Da wata bas ta tsaya gefenmu ta kare mu, sai na ji ƙofar baya ta buɗe.

"Kada ka waiwaya, Yaya."

Ban waiwaya ba. Gaba kawai nake kallo har muka isa shingen. Jami'in ya duba fasfona da tikiti, ya duba iƙamar Adam, ya leƙa kujerar baya ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗaga mana hannu. Sai da muka yi nisa na juya. Wayar Haruna ce kwance a kan kujera. Daga nan zuwa gidansa ya haura kilomita goma, ga rana tsaka.

Filin jirgi, biyu da rabi

Na kira Sa'adiyya, ta ce bai iso ba. Uku da rabi, bai iso ba. Huɗu da rabi, muna layin shiga jirgi, ta ce, "Bai iso ba, Yaya Malam. Allah ya kai ka gida lafiya," ta kashe. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma ni na ja, ina zaune a sanyi da fasfo a aljihu, wani ruwan ke duka. Awa biyar a sama ban taɓa abincin jirgi ba.

Kano zuwa Katsina

Mun sauka wajen lisha. Ina kunna waya saƙon murya ya shigo daga lambar Sa'adiyya. Na jingina da bango kafin in buɗe. Muryar Haruna ce, a dushe. Ya ce ya bi lunguna, yana fakewa daga wannan masallaci zuwa wancan, sai bayan magariba ya shiga gida, ƙafafunsa duk sun yi bororo. Sannan ya ce, "Yaya, ka yafe mini don Allah. Ban raka ka ba, ko sallama ban yi maka ba. Kada ka faɗa wa su Baba haka na yi maka." Na zauna a kan akwatina na yi kuka, mutane na wucewa suna kallona.

Washegari ƙarfe goma sha ɗaya na safe na isa Katsina, na tarar da iyali lafiya, alhamdu lillahi. Ina gode wa Adam da ya buɗe mini ido, da Haruna da har yanzu yake zaune a ɗaki yana jiran takardunsa. Na faɗa wa su Baba komai, ban rage ba. Sa'adiyya kuwa sau uku ina aika mata saƙon ban haƙuri. Har yau ba ta amsa ba, kuma ban ga laifinta ba.