Yaya Idi da Faifan da ya Ƙi Daina Tsagewa

"Ya yi kauri!" Duk wanda ya taɓa miƙa wa Yaya Idi wani abu a Unguwar Gai ya sha wannan maganar. Koko ya yi kauri, waina ta yi kauri, har bargon da na saya masa a kasuwar Kibiya sai da ya murza shi da yatsa ya yi tsaki. Ni ƙanwarsa ce, ciki ɗaya, kuma tun da ya bar aikin ɗakin gwaje-gwaje na jami'a ya dawo gida, ni na ɗauki jidalinsa.

Ya dawo da kwalba cike da wani farin gari. Wai yumɓu ne. Na ce, "Yaya, tun ina yarinya nake ginin tukwane, ban taɓa ganin yumɓu kamar garin rogo ba."

Ya ce, "Tabawa, naki na zuba ruwa ne, nawa na riƙe lantarki ne. In aka shafa shi a bisa ɗan faifan ƙarfe, shara-shara, ya fi ɓawon albasa rashin kauri, aka gasa, to in ka ƙara masa ƙarfin batir sai yawan wutar da yake riƙewa ya canza. Rediyo sai ta sauya tasha ba ka murɗa ba."

Na ce, "Hannun naka ciwo yake?"

Washegari na dawo daga ɗebo yumɓu na tarar ya kwantar da fankata rigingine, ya cire fukafukan, ya manna faifansa a tsakiya. Wai in ya ɗiga kwaɓin tana juyawa, shi ne zai baje daidai. Ya kuwa baje! A bango, a gemunsa, a zannuwan fita unguwata da na shanya, har akuya ta samu rabonta. Na saki salati. Ya ɗaga faifan a rana, ya ƙanƙance ido, ya ce, "Ya yi kauri."

Babban faɗanmu kuwa wajen gashi ne. Ba shi da tandan jami'a, don haka duk ranar da zan gasa tukwane sai ya saka faifansa a 'yar tukunya, ya cusa a tsakiyar nawa. Da wuta ta faɗi, ba ya haƙuri. Sai ya zo da dogon ƙarfe ya tono abinsa da zafinsa, iska ta daki tukwanena, ka ji ƙas, ƙas. Randa uku ya taɓa kashe mini ana gobe kasuwa. Shi ma ya leƙa nasa da gilashin ƙara girma, ya tarar ya tsattsage kamar dugadugin manomi.

Na ce, "Yaya, abin da ya sha wuta ba a fito da shi ya sha iska. A bar shi cikin toka ya huce don kansa. Ko 'yar koyo ta san haka."

Ya ce, "Wannan kimiyya ce, Tabawa, ba tulu ba."

"To kimiyyar ba ta tsage ba?"

Shekara shida muna wannan. Ya zargi garin, ya zargi fanka, ya zargi kashin shanun da nake saye wurin Fulani don gashin tukwane, wai shanun bana ba sa cin abinci mai kyau. Hannunsa dai ba shi da laifi.

Gashin ƙarshe, ya cusa 'yar tukunyarsa da safe, kafin azahar jikinsa ya rikice, aka wuce da shi asibiti a Rano. Yana kwance yana aiko mini da saƙo a tono masa abinsa. Na ce a gaya masa ban ji ba. Kwana biyu na bar shi cikin toka, sannan na naɗe shi a ƙyalle na shiga mota.

Ya ce in ɗauko gilashin a aljihun rigarsa. Na miƙa masa faifan, ya daɗe yana dubawa, ya juya, ya sake juyawa. Babu tsaga ko ɗaya. Na tsaya a kansa na riƙe ƙugu, ina jiran in ji abin da na yi shekara shida ina jira.

Ya ce, "Tabawa."

Na ce, "Na'am, Yaya."

"Ya ɗan yi kauri."

Wallahi da ba a gadon asibiti yake ba! Amma bai sake shi ba, yana dunƙule a hannunsa har ranar da ya cika. Bai samu ya haɗa shi da batir ba, ni kuma ban san inda ake haɗawa ba. Yana nan cikin kwallata, fankata kuma har yau ba ta da fukafukai.

Allah ya jiƙan Yaya Idi, ya sanyaya makwancinsa. Allah ya lulluɓe shi da rahama mai kauri, wadda ko shi ba zai yi mata tsaki ba. Amin.