Aroni Kafinta Ya Shiga Tabki

Aroni Msowoya mutumin tuddan Rumphi ne, inda idan sun ce kogi, suna nufin ruwan da akuya ke tsallakewa ba ta jiƙa kofato ba. Kafinta ne tun yana saurayi. Shi ya yi bencin majami'arsu, kuma duk wanda ya mutu a ƙauyen, a akwatin Aroni ya tafi. Da yake shi ke kai akwatin gidan makoki, sai a ce ya ɗan yi addu'a kafin fasto ya iso. Faston kuwa daga nesa yake zuwa a keke, sau da yawa sai an rufe rami yake isowa. Haka addu'a ta zama wa'azi. Furfura ta fara fito masa sa'ad da ikilisiya ta tura shi kwalejin tauhidi a bakin tabki, suka ce su za su noma gonarsa, shi dai ya dawo musu da fasto.

A can na san shi. Kwalejin tana horar da masu shirin zama fasto, bayan girbi kuma takan buɗe aji ga irinmu, dattawa da shugabannin zumuntar mata, don mu daina koya wa yara abin da babu shi a Littafi. Ni Nyalongwe mai sayar da busasshen kifin usipa, na iya iyo kafin in iya ɗaura zane.

Aroni ba gwanin karatu ba ne, amma ba ya saki. Helenanci ya sa shi gumi fiye da zarto. Abin da na lura da shi, kullum idan an zauna cin tuwon rogo sai ya ba tabki baya. Sauran ɗalibai su gangara wanka, shi ya ja bokiti bayan ɗaki. Na tambaye shi ko tabkin surukarsa ce da ba ya haɗa ido da ita. Ya yi dariya, amma bai juya ba.

A shekarar ƙarshe Rabaran Chavula ke koyar da aikin hannu: ɗaurin aure, jana'iza da kututturen ayaba a madadin gawa, sai baftisma. Mu kuwa ba ma yayyafi, nutsarwa muke yi. Dokar Rabaran ɗaya ce: wanda bai shiga ruwa har ƙirji ya nutsar da mutum ya ɗago shi ba, ba za a keɓe shi ya zama fasto ba, don fasto ba ya zaɓen inda za a aike shi.

Ranar gwaji da hantsi ɗalibai suka yi biyu-biyu suna nutsar da juna. Aroni ya tsaya inda ruwa ke lasar idon sawu. Ba wanda ya yarda ya ba shi wuyansa. Wani ma ya ce gara a nutsar da shi a bokitin Aroni. Da ya koma kan yashi, ya ce da ni a hankali zai tattara kayan aikinsa ya koma gida, sai dai bai san da wane ido zai dubi mutanen da suka yi ta noma masa gona ba.

Na ce, "Tashi, ɗan tudu. Ni za ka nutsar. Mijina ma ya yi iya ƙoƙarinsa bai gama da ni ba, balle kai."

Ya ce, "Mama Nyalongwe, idan na sake ki fa?"

"Ka taɓa sakin akwati da mutum a ciki?"

Ya ce bai taɓa ba. Na ce to ya ɗauka katako ce ni, mai nauyi, mai surutu.

Na ja shi da hannu kamar ɗan maraƙi har ruwa ya kai masa ƙirji. Ya tallabe ni da ƙarfin da na ji haƙarƙarina na gaisawa. Ka'ida ita ce a faɗi kalmomin tukuna, sannan a nutsar. Bawan Allah ya rufe ido, ya danna ni ƙasa, sannan ya fara. Ina can ƙarƙashi ina jin muryarsa kamar daga tulu, yana i'ina a kan sunan Uba, bai ko kai ga Ɗa ba. Ga shi mutumin jana'iza, ya saba da addu'a mai tsawo, don waɗanda yake yi wa ba sa gaggawa. Na yi haƙuri iyakar haƙurin kifi. Da numfashi ya ƙare, na lalubi cinyarsa na mintsine shi da farcen da ke fere rogo.

Ya kurma ihu, "Wayyo, kada ne! Ya cije ni!"

Ɗaliban da ke cikin ruwa suka watse, masu zama fastocin gobe, kowa ya bar abokin baftismarsa. Aroni kuwa ya ciccibe ni ya ɗora a kafaɗa, ya keta ruwa da ni ina zuba masa duka a baya, bai dire ni ba sai gaban Rabaran. Sannan ya duba ƙafarsa ya ga tana nan.

Rabaran Chavula ya yi dariya har ya zauna a yashi. Da ya samu numfashi, ya ce a tsarin kalmomi Aroni ya faɗi, gobe zai sake. Amma mutumin da ya tabbata kada ya kama shi, bai kuwa saki wanda ke hannunsa ba, shi ba shi da sauran abin da zai koya masa game da kiwon tumaki.

Washegari ya sake, ya yi daidai. Ni dai na ce baftisma ɗaya ta ishe ni, ta biyu ma ƙari ce, a nemo masa wani.

An keɓe shi da damina, mutanen ƙauyensu suka cika mota suka zo da kaji. Bayan ya yi musu shekaru, sai aka aike shi wani ƙauyen masunta da ba a zuwa sai a kwalekwale. Har yau bai iya iyo ba. Sun ce a tsakiyar jirgi yake zama, ido rufe, yana waƙa. Amma ranar baftisma shi ke fara shiga ruwa, kuma ba a taɓa jin faston da ke saurin ɗago mutum kamarsa ba.